Famfon Ƙofar Gidanmu

Litinin, 9 ga Agusta, bayan La'asar

Umaima 'yar gidan Sabo mai shayi ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da hantsi na gan ta da idona a ƙofar gidan nan. Ta biyo uwarta ɗiban ruwa, tana ta tsalle cikin taɓo, uwar tana daka mata tsawa. Ba za ta wuce shekara biyar ba. Wai bayan Magariba cikinta ya ɓaci, kafin gari ya waye ta zama kamar tsumman da aka matse. A cikin keke napep ta cika, ko titin asibitin ba su kai ba.

Na shiga gaisuwa. Amina, uwar yarinyar, ba ta kuka. Hannuna ta riƙe tana cewa, "Hajiya, ruwa kawai take yi. Fari, kamar wanda aka wanke shinkafa. Na ba ta koko ta dawo da shi, na ba ta ruwa ta dawo da shi." Da ta kai ƙarshe sai ta sake farowa. Na ce Allah ya sa mai ceto ce.

Da na dawo na tarar da layin bokitai har bakin kwana, kamar kullum. Shekara uku ke nan da rasuwar Alhaji Audi, maigidana. Tun da ni da yara muka sa wa rijiyar gidan inji da tanki, muka fitar da famfo waje don ladan ya riƙa isa gare shi, ƙofar nan ba ta taɓa yin shiru ba, don ruwan gwamnati ya manta da layinmu na Abakpa tuntuni. Na tsaya na ɗan kalle su, raina ya yi sanyi kaɗan.

Talata, 10 ga Agusta, da rana

An ɗauki mutum biyu daga gidan haya na bayan masallaci. An ɗauki wani ɗan garuwa. Rediyo na cewa amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓulla a wasu unguwanni, a tafasa ruwa, a wanke hannu. Aziza, autata, ta ƙara murya, na ce ta rage.

Ruwan sama tun asuba bai ɗauke ba.

Laraba, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Yau raina ya ɓaci, kuma ya yi fari, duk a safiya ɗaya.

Ina tsakar gida ina tsince wake na ji hayaniya a waje. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Wata mata ce daga bayan layi, ban ma san sunanta ba, ta tsaya da bokitinta babu komai ciki, tana cewa ƙanwar mijinta ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ciwon nan a ruwa yake tafiya, kuma a duba, duk waɗanda suka kwanta a nan suke ɗiba. Mutane suka yi cirko-cirko. Wasu har sun fara janye bokitansu.

Sai ga Malam Irmiya, Baban Barnabas, maƙwabcinmu na gidan da ke kallon namu. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa shi ya ɗora wa kansa kula da famfon nan. Shi ke tsara layi, shi ke canza roba in ta lalace, shi ke korar yara in suna wasa da ruwa. Ban taɓa sa shi ba. Cewa yake abotarsa da Alhaji ba ta mutu ba.

Ya ce, "Ke, 'yar nan, dube ni da kyau. Shekara uku ni da matata ruwan nan muke sha. Na yi miki kama da mara lafiya? Alhaji Audi da ransa bai taɓa ba mutum abin da zai cuce shi ba, sai bayan ransa?"

Ya karɓi kofi a hannun wani yaro, ya tara, ya shanye. Ya sake tarawa, ya shanye, ya goge baki da hannun riga. Aka yi dariya, har da masu tafi. Matar ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Na ji daɗi. Allah ya saka masa da alheri. Na sa Aziza ta kai musu farfesun kaza.

Alhamis, 12 ga Agusta, gab da Magariba

Yau ma'aikatan lafiya suka shigo gidan nan.

Sun zo da safe cikin farar mota, su huɗu, da takalman roba har gwiwa. Shugabarsu yarinya ce, ba za ta girmi Aziza da yawa ba. Ta ce sunanta Lubna, ita ce mai bin diddigin cututtuka ta ƙaramar hukuma. Ta durƙusa ta gaishe ni sosai, 'yar mutunci ce. Na ba ta kujera ta zauna a gefenta kamar za ta tashi.

Ta ce, "Mama, tun jiya muke shiga gidaje. Duk inda aka samu mara lafiya muka tambaya ina suke samun ruwa, amsar ɗaya ce. Ko nan, ko wurin 'yan garuwan da ke ɗiba a nan."

Na ce, "'Yar nan, ruwan sadaka ne fa."

Ta ce, "Na sani, Mama. Ban zo da laifin kowa ba. Ban ma tabbatar ba tukuna, sai an gwada. Amma kafin sakamako ya fito, ina roƙonki a rufe."

Suka ɗebi ruwa a 'yan kwalabe, daga famfo, daga tanki, daga cikin rijiyar. Wani daga cikinsu ya daɗe yana zagaya bayan gida, yana kallon ƙasa, yana kallon rijiya.

Har ta miƙe sai ta juyo. "Mama, a nan cikin gida ba wanda ya yi ciwo?" Na ce babu, alhamdulillahi. Ta ce, "Wane ruwa kuke sha?"

Aziza ce ta amsa. Ta ce ruwan leda, Yaya Sharhabil ne ya yi magana da masu kawowa tun bara, na rijiya wanki da girki kawai muke yi da shi.

Lubna ta ce, "To." Ta yi sallama ta fita.

Na kashe injin da hannuna. Malam Irmiya ne ya zo da sufana ya kwance kawunan famfon, yana mita, yana cewa yaran zamani da kwalabensu, in sun gama gwaje-gwajensu za su dawo su ba da haƙuri. Ya zuba kawunan a leda ya miƙo mini, ya ce, "Ajiye, Hajiya, kwana biyu ne."

Juma'a, 13 ga Agusta, da hantsi

Ba ƙarar bokiti. Ba faɗan mata a kan layi. Na yi sallar Asuba na zauna ina jira, sai na tuna.

An buga ƙofa sau da yawa. Aziza ce ke fita tana ba da haƙuri. Wata tsohuwa ta ce mata, "To mu sha me?" Can wajen ƙarfe goma tankar gwamnati ta zo, ruwan yana warin magani, mutane suna ture juna.

Juma'a, bayan Magariba

An fita da Malam Irmiya. Barnabas, babban ɗansa, shi ya ɗauko shi a kafaɗa kamar yaro ya sa a mota. Maman Barnabas tana biye da zani ɗaya a hannu, ko ɗankwali babu. Shekara talatin da wani abu muna maƙwabtaka da ita Deborah, ban taɓa ganin kanta a waje ba ɗankwali ba.

Da rana fa na ji muryarsa yana tsara layin tanka.

Asabar, 14 ga Agusta, da rana

Na dafa abinci. Yana nan a tukunya.

Lahadi, 15 ga Agusta, bayan La'asar

Na je asibiti. A bayan ginin suka kafa tantuna, suka zagaye da igiya. Kafin ka matsa sai ka taka cikin wani faranti mai ruwan magani, ka wanke hannu, warin ya bi ka har gida. Ba a bar ni na shiga ba, daga bakin igiya na tsaya.

Ban san haka abin yake ba. Gadajen an huda su a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi, bokiti a gefe. Kowa da robar ƙarin ruwa rataye, wasu biyu-biyu. Ma'aikatan suna gudu tsakanin gadaje, wata ta zame ta tashi ba ta ko duba kanta ba. Na hangi fuskokin da na sani. Matar mai wanki. Ɗan garuwan nan dogo mai yi mini kirari kullum da safe. Yarinyar da ke kawo mini ƙosai. Duk na san bokitansu.

Na daɗe ban gane Malam Irmiya ba. Idanunsa sun faɗa can ciki, kumatun sun shige. Ya gan ni, ya ɗaga yatsu biyu. Bakinsa ya motsa, ba murya.

Deborah ta fito ta same ni. Ta ce likita ya ce gudawar ta lafa, amma ba ya fitsari, ƙodarsa suke tsoro saboda shekaru. Ta ce, "Hajiya, ki sa shi a addu'a." Na ce in sha Allahu. Ta riƙe hannuna, na ji kamar in janye, kada in shafa mata wani abu.

Ba ta yi maganar ranar Laraba ba. Ni ma ban yi ba.

Litinin, 16 ga Agusta, bayan Azahar

Sakamako ya fito. Lubna ta zo da kanta ta faɗa mini, ba ta yarda ta faɗa a waya ba.

Akwai. A famfo, a tanki, a rijiya.

Na tambaye ta ko an yi kuskure, ko kwalaben sun cakuɗe da na wani gida. Ta ce sau biyu aka gwada. Na sake tambaya. Ta sake amsawa da murya iri ɗaya.

Talata, 17 ga Agusta, da rana

Suna so su san ta ina ya shiga. Mutumin nan mai kallon ƙasa ya dawo da wani gari ja-ja a gwangwani. Ya ce ba guba ba ne, launi ne kawai. Ya zuba a banɗakin ɗakin baƙi na bayan gida, da ya taɓa ruwa sai ya koma kore shar. Suka bi shi da bokitai na ruwan tanka har ya tafi duka. Ya ce gobe za su tayar da injin rijiya su gani.

Na ce masa ramin banɗakin nan Alhaji ne ya tsaya a kan gininsa, da bulo da siminti. Ya ce, "Hajiya, siminti ma yana tsufa. Ga ruwan saman bana."

Ina ta addu'a kada ya fito. Kuma ina tunanin in bai fito ba, to daga ina, gidan wa. Na rasa wanne nake roƙo.

Laraba, 18 ga Agusta, da hantsi

Farin bokiti suka tara.

Kore.

Ba sosai ba, amma ko yaro zai gani. Aziza ta toshe baki ta shige ɗaki. Ni ina tsaye. Na ji mutumin yana bayani, tsaga a bangon ramin, ƙasa ta jiƙe, rijiyar ba ta da nisa, ruwa yana bin hanyarsa ta ƙarƙashi. Ina jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ba su haɗu sun zama magana ba.

Abin da ke cikin ramin gidana. Shi na tura tanki, shi na fitar waje, da sunan Alhaji. Shi suka yi layi suna ɗiba suna yi mini addu'a. Shi Amina ta ba yarinyar, ta dawo da shi, ta sake ba ta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Innalillahi.

Alhamis, 19 ga Agusta, bayan La'asar

Sabo mai shayi ya zo. Aziza ta ce ba na nan, na ce ƙarya ba ta da amfani yanzu, na fita.

Bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, hannayensa a baya. Ya rame. Ya gaishe ni yadda ya saba, har da tambayar Sharhabil da iyalinsa. Na shirya wa zagi, na shirya wa komai.

Ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya na zo yi. Ana cewa ku a cikin gida ba kwa shan ruwan nan. Gaskiya ne?"

Na so in ce masa ba don mun san wani abu ba ne. Na so in ce ɗana Sharhabil ne ya matsa, cewa yake kowa a Abuja haka yake yi. Na so in ce da shi nake alwala, da shi nake kuskure baki sau biyar a rana, Allah ne kawai ya tsare.

Na ce, "Gaskiya ne, Sabo."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Na gode, Hajiya." Ya juya ya tafi.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 20 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Na ji tsayuwar mota, na ji ƙarar Deborah sau ɗaya, doguwa. Can sai mata suka fara waƙa a gidan, a hankali, irin wadda suka yi lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Ban tambayi kowa ba.

Aziza ta shigo ta ce, "Umma, Baban Barnabas." Ta ce ƙodar ce.

Na sa mayafi. Na kai har ƙyaure. Na ga bangon da famfon yake, ramukan kawunansa uku suna kallon ƙofarsu. Na dawo.

Asabar, 21 ga Agusta, da rana

Ban fita ba.

Lahadi, 22 ga Agusta, da yamma

Ban fita ba. Aziza ta je a madadina. Ta ce ma'aikatan lafiya ne suka shirya shi, suka fesa magani, suka rufe akwatin, ba a bar kowa ya taɓa ba, har Deborah. Jibi za su kai shi Kagoro, garinsu.

Ta ce Deborah ta tambaya, "Ina Hajiya?" Aziza ta ce mata ba na jin daɗi.

Ledar kawunan famfon da ya miƙo mini tana kan firji. Na kasa ɗauke ta, na kasa kallonta.

Kofi biyu ya sha. Ina bayan ƙyaure ina jin daɗi. Har farfesu na aika.

Talata, 24 ga Agusta, bayan Azahar

Sharhabil ya zo daga Abuja. Tun daga ƙofa yake magana. In haɗa kaya, in koma wurinsa, a sa gidan haya ko a sayar. Ya ce ya yi magana da wani lauya abokinsa, ba wanda zai iya kama mu da laifi, mu alheri muka yi, laifin na waɗanda suka bar unguwa ba ruwa ne. Ya ce ya ji ana kiran wurin da wani suna yanzu. Na ce kada ya faɗa mini sunan.

Na ce, "Sharhabil, wa ya ce zai kama mu?"

Ya ce, "Umma, mutane ba su da tabbas."

Na ce, "Mutanen suna binne 'ya'yansu, ba su da lokacinmu."

Ya zauna a kujerar babansa, sai na ga yana share ido. Shi ya kawo mai aikin injin, shi ya zaɓi tankin. Na manta shi ma yana da nasa kason. Na zuba masa abinci, muka zauna ba wanda ya ci.

Ba inda za ni.

Alhamis, 26 ga Agusta, da hantsi

Lubna ta biyo. Ta rame, idonta ya yi zuru-zuru, ta ce rabonta da gidansu da rana tun farkon wata. Ta ce daga layinmu an daina kawo sabbin marasa lafiya, tantunan sun fara raguwa, ɗan garuwan nan dogo an sallame shi. Ta ce sun gwada sauran rijiyoyin unguwa, da yawa ba su da tsabta, sai dai wannan ƙwayar a tamu kaɗai aka same ta.

Ta ce, "Mama, akwai inda muka je muka yi kwana da kwanaki muna roƙo kafin a rufe. Ke a take kika kashe injin. Mutane da yawa suna raye saboda haka."

Na ji ta. Bai shiga ba.

Na tambaye ta abin da ke cina. Na ce mu ba mu yi ciwo ba, to wa ya kai shi ramin? Ta ce mutum yana iya ɗauke da shi ya yi 'yar gudawa ta kwana ɗaya, ko ma bai ji komai ba, ya wuce abinsa. Ta ce, "Kun yi baƙo kafin abin ya fara?"

Ila. Ƙanin Alhaji. Ya zo daga ƙauye bayan Babbar Sallah ya kawo mana nama da dawa, ya sauka a ɗakin baƙi. Ya ce cikinsa ya ɗan juya, canjin abinci ne, Aziza ta sayo masa magani a kemis, ya warke ya koma.

Na faɗa mata sunan garin don su aika a duba mutanen can. Na roƙe ta kada a ce masa komai game da nan. Tsoho ne, yana son yayansa kamar me. Mutum ɗaya ya isa ya ɗauki wannan.

Asabar, 28 ga Agusta, bayan La'asar

An kwashe ramin, an rushe shi. An zuba magani a rijiyar, an cike ta da ƙasa da duwatsu, an shafe bakin da siminti. Lubna ta ce ana iya gyarawa a ci gaba da amfani da ita. Na ce a cike.

Alhaji ya haƙa ta shekarar da aka haifi Sharhabil.

Litinin, 30 ga Agusta, da yamma

Ban san abin da ya sa na yarda ba. Lubna ta ce suna neman matan unguwa da za su bi gida-gida da ma'aikata, a raba ƙwayar tsarkake ruwa, a nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari tun kafin a kai mutum asibiti. Na ce, "Wa zai karɓi maganin ruwa daga hannuna?" Ta ce, "Wanda ya ƙi, ya ƙi, Mama."

Na fita.

Gida na farko matar ta karɓa, ta yi godiya, har ta ce in shigo in zauna. Gida na biyu da suka ga ni ce sai aka saki labule. Na tsaya a waje ma'aikaciyar ta shiga ita kaɗai. A wani gidan wata tsohuwa ta kama ni tana kuka tana cewa ƙaddara ce, Hajiya, ƙaddara ce, har na ji ina so ta sake ni.

Muka zo gidan Sabo. Na ce wa ma'aikaciyar ta shiga, zan jira. Sai ga Amina ta fito da jariri a baya. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kalle ni ba. Hannuna ta kalla.

Ta ce, "Guda nawa ake sa wa jarka?"

Na faɗa mata. Na ce a rufe a jira rabin awa kafin a sha. Na maimaita don kada ta yi kuskure.

Ta ce, "A ƙara mini. Akwai wannan." Ta nuna bayanta da haɓa.

Na juye mata duk abin da ke hannuna.

Laraba, 1 ga Satumba, da hantsi

Su Deborah sun dawo daga Kagoro jiya. Na ga an buɗe tagogi. Yau zan shiga. Na faɗa wa Aziza don in ji kunyar fasawa.

Laraba, bayan Magariba

Ban shiga ba.

Asabar, 4 ga Satumba, bayan Azahar

Ita ta zo.

Ina ɗaki na ji sallamarta a tsakar gida, yadda ta saba, "Masu gida suna ciki?" Na fito. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, ta zama ƙarama. Na durƙusa a gabanta, ni da na girme ta. Ta ce, "Tashi, Hajiya, gwiwarki." Ta kama ni muka zauna a tabarma.

Na ce, "Maman Barnabas, ranar Laraban nan ina bayan ƙyaure. Na gan shi yana sha."

Ta ce, "Na sani, ya faɗa mini, yana ta dariya. Hajiya, da safen ranar ya sha a gida. Jiyanta ma ya sha. Ni ma na sha, ga ni zaune. Kada ki riƙe kofin nan, ba shi ba ne."

Na ce ta yafe mini.

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Ta ce, "Na yi ta nema a raina, me zan yafe. Ban samu ba. Ba ki yi mana komai ba sai alheri. Amma gaskiya zan faɗa miki, don ba mu saba ɓoye wa juna ba. Duk safiya in na buɗe ƙofa, bangonki nake fara gani. Ba zan iya ba."

Barnabas ya gyara mata ɗaki a gidansa na Narayi, can tsallaken gada. Motar kaya tana waje ma.

Lokacin rikicin da kowa ya tattara ya tsallaka gada, Kiristoci suka yi kudu, Musulmi suka yo arewa, su ba su tafi ba. A ɗakina Deborah da yaranta suka kwana har ƙura ta lafa, Alhaji yana zaune a ƙofar gidansu da carbinsa. Dangi sun yi ta kiransu su taso, Malam Irmiya ya ce shi yana da dangi a nan. Wuta ba ta raba mu ba.

Na sa mayafi na bi ta. Na shiga gidan. Na naɗe mata kwanuka cikin tsofaffin zannuwa, na ɗaure katifa, na share ɗakin da aka kwashe. Barnabas ya gaishe ni, "Sannu, Mama," ya karɓi ƙullin daga hannuna. Ba mu yi wata magana ba, sai "miƙo wancan," sai "wannan na kicin ne."

Da aka gama ta shiga gaban motar. Direba ya tayar. Sai ta sa ya dakata, ta sauke gilashi, ta kira Aziza.

Ta ce, "Ke, uwarki ba ta cin abinci, dubi wuyanta. Ki dama mata kunun gyaɗa, ki sa tsamiya da yawa, haka take so. Ki tsaya a kanta har ta shanye, in ba haka ba zubarwa za ta yi. Kin ji ni?"

Aziza ta ce ta ji.

Motar ta sha kwana.

Asabar, bayan Magariba

Aziza ta dama. Ta tsaya a kaina. Na shanye.